Farin Allo a Ƙofar Kasuwar Marke

Ku gyara zama, ku na kan tabarma da ku da kuka jingina da gini. Labarin yau na mutum ne da na sani, na ci abinci kwano ɗaya da shi. Idan na kai ƙarshe zan yi shiru, ku kuma ku ɗauka, domin akwai shari'ar da zan bar muku.

Garinmu Marke gari ɗaya ne tun zamanin kakanni. Da aka zo raba ƙasa da ƙasa, sai layin ya ratsa ta tsakiyar fadamarmu. Aka kafa wani dutsen siminti kusa da tsohuwar rijiya, aka ce daga nan zuwa kudu ƙasa guda ce, daga nan zuwa arewa kuma wata. Muka wayi gari da Marken Kudu da Marken Arewa. Masallacin Juma'a ya faɗa kudu, maƙabarta ta faɗa arewa. Yaran kudu suna koyon Turanci, na arewa suna koyon Faransanci, amma in faɗa ya haɗa su da Hausa suke zagin juna.

A nan aka haifi Malam Jibo. Ubansa mutumin kudu ne, uwarsa 'yar arewa. Ya yi karatu, ya zama malamin firamare a Marken Kudu. Bayan rasuwar ubansa, uwar ta koma gidan 'yan'uwanta a arewa, shi kuma kullum da yamma yakan tsallaka ya gaishe ta. Wata shekara gwamnatocin biyu suka sami saɓani, aka rufe iyaka ruf. A cikin wannan rufewar tsohuwar ta kwanta ciwo, ta cika. Malam Jibo ya zo bakin shinge ya yi roƙo har muryarsa ta dushe, aka ce ba takarda ba wucewa. Yana tsaye a wurin aka fito da makara, yana hango ta, yana gane waɗanda suka ɗauke ta ɗaya bayan ɗaya. Nan inda yake tsaye ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a. Ranar sadakar bakwai ya ajiye aikin koyarwa.

Abin da ya tashi nema ya wuce a ɗage shinge. Cewa ya yi mutanen da suka haɗa harshe da jini da alƙibla bai kamata su zauna ƙarƙashin hukuma biyu da ba sa ga-maciji ba. Yana son ƙasashen su haɗu, majalisa ɗaya, katin shaida ɗaya. Muka yi ta yi masa dariya, har da ni. Sai ya ce to, in manya ba za su iya ba, a fara daga ƙasa: garuruwan bakin iyaka su sami majalisar haɗin gwiwa tasu, wadda hukumomin biyu za su amince da ita. Ya kafa Ƙungiyar Uwa Ɗaya. Ya sayi tsohon keke da manyan littattafai da tawada, ya shiga ƙauyuka yana bayani, wanda ya yarda ya dangwala yatsa. Ni ina ɗinki a lokacin, ni na ɗinka masa jakar da yake zuba littattafan, kuma sau huɗu ina sake mata hannu.

Kada ku ɗauka waliyyi ne. Mutum ne mai taurin kai, kuma in ya fara magana tuwo sai ya yi sanyi a gabansa. Matarsa ce ta riƙe gidan da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. A kudu ana ce masa ɗan leƙen asirin arewa, a arewa ana ce masa ɗan leƙen asirin kudu. An tsare shi nan, an tsare shi can, kwana biyu, kwana biyar, a sake shi ya hau kekensa. Haka ya yi shekara goma sha tara.

A shekara ta goma sha tara ɗin ne hukumomin biyu suka yarda za su aiko wakilai Marke bayan kaka, su zauna su saurare shi. Saura wata guda a yi zaman, sai rigima ta tashi a bakin tsohuwar rijiya tsakanin masu shayar da dabbobi. Irin rigimar da aka saba kashewa da baki ce, amma ran nan sai ga bindigogi. Mutum uku suka mutu, biyu na kudu, ɗaya na arewa. Kwana biyu bayan haka aka je ɗakin da Malam Jibo yake ajiye littattafansa a gidan kawunnansa can Marken Arewa, aka ce an sami bindigogi a ƙarƙashin tabarma. Aka tare shi a hanya, aka jefa shi cikin wata rufaffiyar mota. Aka soke zaman. Duk ofishin da 'yan ƙungiya suka je, sai a ce ba a san inda yake ba.

To, a nan mutum uku suka shigo labarin.

Na farko Illo ne, direban motar albasa, mutumin Marken Arewa. Bai iya karatu ba, bai kuma taɓa shiga ƙungiyar ba. Abin da ya haɗa su kawai, yakan tsinci Malam Jibo a hanya ya ɗora kekensa kan buhuna, ya zaunar da shi a gaba. Da aka yi wata guda ba labari, Illo ya zo rumfata ya ce, “Mutumin da ya yi shekara goma yana cika min kunne a gaban mota, ba zai ɓace haka kawai ina zaune ba.” Ana tsakiyar kakar albasa, lokacin da direba ke samun abin da zai ci shekara, ya sauke lodinsa ya bar wa wasu, ya tayar da mota ba kaya ya nufi arewa.

Bai tambayi ko ma'aikaci ɗaya ba. Duk garin da ya shiga, sai ya nemi gidan yari, ya zauna wurin mata masu sayar da abinci a ƙofa da masu kai ruwa ciki, ya sayi abinci, ya ja su da hira. Gari tara ya bi haka. A hanyar na goma, can inda shuka take ƙarewa rairayi ya fara, injin motar ya buga. Ya rufe ta, ya bi wani ayarin raƙuma a ƙafa kwana biyu, har leɓɓansa suka tsage, ya isa wani gari da ake kira Dutsen Kanwa. A ƙofar gidan yarin garin ya sami wata mai fura, ya tambaye ta ko akwai baƙon dattijo a ciki.

Ta ce, “Akwai wani mai rubuta wa fursunoni wasiƙa. Ba ya karɓar komai, amma duk wanda ya rubuta wa sai ya yi masa dogon bayani, sannan ya ce ya shafa baƙin tukunya a yatsa ya dangwala masa a wata takarda.”

Illo ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Ya ce, “Shi ne, wallahi shi ne!”

Ya roƙi wani mai kai ruwa ya ba shi tulu, ya shiga a matsayin ɗan ga-ruwa. Ya sami Malam Jibo kwance, ƙafafu sun kumbura, idanu sun yi fari, ba ya iya tashi zaune. Illo ya fito ya kama hanyar gida, mota zuwa mota, ya kawo labari bayan kwana talatin da bakwai da fitarsa. Da ya koma wurin motarsa daga baya, ƙarfen gindinta kawai ya tarar. Yana da shekara hamsin ya koma yi wa wani direba lodi. Amma daga ranar da ya dawo, ba wanda ya sake iya cewa ba a san inda Malam Jibo yake ba, kuma ƙungiya ta matsa har aka sa ranar shari'a.

Ta biyu Tsahara ce, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin Dutsen Kanwa. Illo yana kan hanyar komawa gida, ciwon Malam Jibo ya tsananta, aka ɗauko shi ranga-ranga aka kawo mata. Ta karɓi takardarsa ta karanta sunan, sai ta ajiye ta fita waje. Tsahara 'yar Marken Arewa ce, aiki ya kai ta can. Mutumin arewan da aka kashe a bakin rijiya wanta ne, Shu'aibu, wanda ya rene ta bayan rasuwar iyayensu, ya sayar da tumakinsa ya sa ta makaranta. Kuma abin da aka aiko mata daga gida shi ne Malam Jibo ne ya kawo bindigogin.

Ta daɗe tsaye a jikin bango. Sannan ta wanke hannu ta koma ciki. Ta duba shi ta ga jininsa ya ƙare, in ba a ƙara masa ba ba zai kai jibi ba. Aka gwada masu gadin da suka kawo shi, ba wanda nasa ya dace. Ta gwada nata, ya dace. Ta kwanta a gadon da ke kusa da nasa aka ɗiba. Bayan kwanaki aka sake ɗiba, har ita ma sai da ta riƙa dafa bango in za ta tashi.

Ranar da ya farfaɗo ya ji tana magana, ya ce, “Ɗiyata, na ji harshen gida a bakinki. Ke ɗiyar wa ce a Marke?”

Ta ce, “Ni ƙanwar Shu'aibu ce, wanda aka kashe a bakin rijiya.”

Sai ya ce, “An gaya miki ni ne?”

“An gaya mini.”

“To, me ya sa kika ba ni jininki?”

Ta ce, “Ban yafe maka ba, Malam. So nake ka rayu, ka tsaya gaban alƙali, in ji da kunnena abin da ya faru.”

Ana nan sai takarda ta zo cewa a mayar da shi wani wuri can gaba, inda ba asibiti ba likita, tafiyar kwana uku a bayan mota. Ba abin da ya rage sai ta sa hannu cewa ya warke. Babban jami'in gidan yarin ya zo da kansa, ya ajiye takardar a gabanta. Ta ce, “Ranka ya daɗe, mutumin nan in ya hau mota gawarsa za a sauke. Ba zan sa hannu ba.” Ya yi lallashi, ya yi barazana, ya dawo washegari, ya sake dawowa. Ta ƙi. Aka bar Malam Jibo a gadonsa har ranar shari'a ta zo, ita kuma aka sallame ta daga aiki. Da ta koma Marke, danginta suka juya mata baya, suka ce ta shayar da wanda ya kashe ɗan'uwanta da jinin gidansu.

Na uku Alhaji Nomau ne, kansilan Marken Kudu, babban abokin adawar Malam Jibo. Shekara goma sha tara duk inda Malam Jibo ya yi taro, washegari Alhaji Nomau zai yi nasa ya warware. Cewa yake haɗewar za ta sa manya su haɗiye ƙanana, kuma dokar can ba za ta zauna da mutanen nan ba. Har rantsuwa ya yi a bainar jama'a cewa ƙafarsa ba za ta taka arewa ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tare suka yi makarantar allo, kuma kowace Laraba da azahar Malam Jibo yakan shiga gidansa ta ƙofar baya, su ci dambu, su yi gardama har la'asar. Ranar da aka yi faɗan rijiya Laraba ce. Suna tare.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Bayan kama Malam Jibo, Alhaji Nomau ya ji da kunnensa, a cikin zaurensa, wasu 'yan jam'iyyarsa suna taya juna murna. Su suka shigo da bindigogin, su suka kai su ɗakin littattafai, don a soke zaman. A cikinsu har da mijin 'yarsa. Ba zan ɓoye muku ba, Alhaji Nomau ya yi shiru wata uku. Ya rame, ya daina fita majalisa, ranar Laraba in an kawo dambu sai ya ce a mayar. Da labarin Illo ya iso cewa ƙafafun mutumin sun kumbura, sai ya kira 'yarsa ya gaya mata abin da zai yi. Ta yi kuka ta riƙe masa riga. Ya ce, “Uwata, ki yi haƙuri. Na gwada yin shiru, na kasa.”

Ranar shari'a ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya sa babbar riga, ya tsallaka arewa, ya shiga mota zuwa babban garin da kotu take. Ya tsaya gaban alƙali ya faɗi inda Malam Jibo yake ranar faɗan, ya faɗi abin da ya ji a zaurensa, ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake na surukinsa ba.

Alƙali ya ce, “Alhaji, ka shiga ƙungiyarsa ke nan?”

Ya ce, “Allah ya kiyaye, ranka ya daɗe. Har gobe ra'ayinsa shirme ne a wurina. Amma ba shi ya ajiye bindigogin ba.”

Aka bincika aka tabbatar, aka saki Malam Jibo. Tsahara tana zaune a bayan kotu, ta ji komai da kunnenta. Shi kuwa Alhaji Nomau, jam'iyya ta kore shi, kujerarsa ta tafi, aka ɗaure surukinsa, 'yarsa ta dawo gida da yara huɗu, ta yi shekara ba ta haɗa ido da shi ba.

Zaman da aka soke an yi shi bayan shekara guda. A kan kujera aka ɗauko Malam Jibo, don ƙafafun ba su sake ɗaukarsa sosai ba. Aka jibge littattafan dangwale a gaban wakilai, tsayinsu ya kai ƙugun mutum. Ƙasashen ba su haɗe ba, kun sani, har yau kowace da tutarta. Amma an kafa majalisar haɗin gwiwa ta garuruwa ashirin da huɗu, an ba mutanen bakin iyaka kati ɗaya na wucewa, an kuma gina kasuwar nan da kuke ci, rabi a kudu rabi a arewa. Ku da kuka tashi kuka tarar ana kai amarya daga nan zuwa can da guɗa ba mai tare ta, ku gode wa Allah, ku gode wa mutanen nan.

Shi ma bai gaji da godiya ba. Sai da ya sa aka kai shi gidan kowannensu. A wurin Illo ya kama hannayensa biyu ya kasa magana, mutumin da ba a taɓa jin bakinsa ya mutu ba. A gidan su Tsahara ya zauna a ƙofa tun hantsi, ya ce ba zai tashi ba sai danginta sun karɓe ta, kuma kafin azahar suka fito suka shigar da su duka biyun. A gidan Alhaji Nomau kuwa ta ƙofar gaba ya shiga, suka rungumi juna, ba a jima ba aka jiyo su suna gardama.

Da aka gama ginin kasuwa, aka kafa babban allo a ƙofa, aka shafe shi da farin fenti, majalisa ta ce sunan Malam Jibo za a rubuta. Ya ce sam. Ya ce, “Ni magana na yi, kuma ko ba kasuwa da ma zan yi ta. Waɗannan ukun kowannensu ya ba da abin da bai dawo masa ba. Ku sa sunan ɗaya daga cikinsu.” Na san wani a cikinku zai ce a rubuta duka ukun mana. An kawo wannan shawarar. Sai gardama ta koma kan wa za a sa a sama, wa zai zo a ƙasa, aka dawo inda aka fara. Aka ce to shi ya zaɓa. Ya ce a ba shi zuwa Juma'a ya yi tunani. Ranar Alhamis da hantsi, yana zaune a ƙofar gidansa, Allah ya karɓi abinsa. Bai gaya wa kowa wanda ya zaɓa ba, har matarsa.

Bayan an share makoki aka je wurin su ukun. Illo ya ce shi gani kawai ya yi ya dawo ya faɗa, a ba Tsahara. Tsahara ta ce ita aikinta ta yi, kuma da ƙiyayya a ranta ta yi shi, a ba Alhaji. Alhaji Nomau ya ce mutumin da ya yi shiru wata uku bai cancanci allo ba, balle a kan kasuwar da ya yi shekaru yana yaƙa, a ba Illo.

Su sun ture, amma jama'a ba su ture ba. Masu goyon Illo suka ce shi kaɗai ne ba wanda ya kawo masa Malam Jibo gabansa, ba kuma abin da ke cin zuciyarsa, shi ya tashi da kansa ya fita nema, ya rasa abin da yake ci da shi. Ba don shi ba, da ba a san inda mutumin yake ba balle a yi shari'a. Masu goyon Tsahara suka ce Illo abokinsa ya nema, ita kuwa wanda take ganin ya kashe wanta ta ba jininta, kuma ba don ita ba da gawa za a tarar a inda Illo ya gano shi. Masu goyon Alhaji Nomau suka ce ko da an gano shi, an kuma yi masa magani, ba don shaidar Alhaji ba da a gidan yari zai ƙare da sunan mai kisan kai, littattafansa su zama abin kunya. Suka ce shi ne ya sa wuƙa a cikin gidansa, ya kuma taimaki ra'ayin da bai taɓa yarda da shi ba.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk bayan damina majalisa takan sa a sake shafa wa allon farin fenti, mai rubutu ya zo da gwangwaninsa, a zauna, a tashi ba a yanke ba. Na ji dattawa sun ce bana ba za a sake ɗagawa ba, kuma ku matasa za a tambaya.

To, ga Illo, ga Tsahara, ga Alhaji Nomau. Sunan wane ne a cikinsu ya fi cancanta a rubuta a allon nan?